Shekara uku da Sienna a hannuna, ga abin da na gani a titunan Gombe

Abin da ya sa na sayi babbar mota Sallah ce, ba wani abu ba. Mu takwas ne a gida idan aka haɗa da Dada mahaifiyata, ni da uwargida da yara biyar sai ita, kuma duk Sallah Dukku muke zuwa. Golf 3 nake da ita a lokacin, to ka ƙiyasta yadda ake yi, sai in ɗauki Dada da uwargida da ƙananan in kama hanya, manyan yaran biyu kuma in kai su Tashar Dukku in saka su a motar haya ina ta jaddada wa direba amana, ina tuƙi hankalina na wajensu har sai na ga sun sauka. Sallar da ta ishe ni ita ce wadda motarsu ta lalace a hanya suka kai bayan isha'i ba su iso ba, Dada ta ƙi cin abinci tana zaune bakin zaure da carbi. A daren na ƙudura a raina cewa in Allah ya yarda ba zan sake raba iyalina mota biyu ba.

A farkon 2022 Allah ya hore, na sayi Toyota Sienna ƙirar 2008, LE, mai kujera takwas, otomatik. Har yau ita nake ja, kuma mutane na yawan tare ni a masallaci ko wajen aiki suna tambaya ya take, ya mai, ya giya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya.

Gaskiya da tsoro na shiga maganar otomatik. Duk wanda na yi wa zancen sai ya ce kai Malam ina kai ina otomatik, ranar da giya ta tsaya sai dai ka sayi wata, ba ta turuwa, makanikan garin nan ba su iya ta ba. Hamma na, wato yayana, ma cewa ya yi in nemi Sharan manuwal irin wadda 'yan haya ke ja in huta. Amma Sienna babu manuwal ɗinta, a Amurka ake haɗa ta a jihar Indiyana kuma don kasuwar can aka yi ta, duk otomatik ne, in kana so sai ka karɓe ta a haka. Ni kuma na shiga ta wani abokin aikina sau biyu zuwa Bauchi na ga yadda ciki yake, raina ya riga ya kwanta da ita.

A Bauchi na saya wajen wani ma'aikaci da ya ɗauko ta daga Legas ya yi shekara biyu da ita. Har yanzu bakinmu ya saba da cewa 'yar Kwatano amma tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, don haka takardun kwastan su ne abu na farko da na nema kafin ma in buɗe bonet. Na tafi da makanikina, dattijo ne da ya daɗe yana gyaran irinsu, kuma shi ya ce mu kwana a Bauchi mu je da sassafe kafin mai motar ya tayar da ita, don a cewarsa giyar da ke da ciwo da sanyin safiya take nuna hali, in ta yi zafi sai ta ɓoye. Muna zuwa ya taɓa injin ya ji sanyi ƙalau, ya ce bismillah Alhaji tayar. Ya sa na taka birki na sa ribas, ya tsaya yana ƙirga da yatsa, kafin ya kai biyu ta kama ba tare da wani dum ba. Ya zaro sandar gwada man giya ya goga a farar takarda ya sansana ya miƙo min, ja ne mai ɗan duhu babu ƙaurin ƙuna. Muka hau titin Jos muka taka ta sosai yana sauraron yadda take canji ɗaya bayan ɗaya har ta biyar, daga nan muka kai aka jona mata kwamfuta. Lambar tafiyar da ke jikin allo ya ce kar ma in kalla, mil take ƙirgawa ba kilomita ba kuma ana iya juya ta, in kalli robar birki da sitiyari da kujerar direba su za su gaya min gaskiyar shekarun wahalarta.

Ranar farko ƙafar hagu ce ta ba ni aiki. Shekara goma sha ina taka kuloci, to muna shigowa Alƙaleri zan rage gudu ƙafar ta tafi neman kuloci da kanta ta sauka a kan birki, motar ta dafe wuri ɗaya, Allah ya taimaka babu kowa a bayanmu. Dattijon ya ce Alhaji naɗe ƙafar nan ka mayar da ita ƙarƙashin kujera ka manta kana da ita, ƙafa ɗaya ake tuƙa wannan. Duk mai barin manuwal ya riƙe wannan, kwana uku zuwa huɗu ne ka saba. Birkin ajiye motar ma a ƙafa yake can gefen hagu ba na hannu ba ne, sandar giyar kuma a jikin dashbod take kusa da sitiyari, shi ya sa tsakanin kujerun gaba akwai fili.

Bayan na saba kam ban ga abin da zai mayar da ni kuloci ba. Wanda ya san yadda bakin Babbar Kasuwa ke cushewa da yamma, keke napep ta ko'ina 'yan achaba na kutsowa masu baro na tsallakawa, ya san wahalar da gwiwa ke sha, taka saki taka saki. Yanzu birki kawai nake ɗan sassautawa ta gangara da kanta in sake takawa. In na tsaya a hawa ba na fargabar ta mutu a hannuna ana ta danna min hon. Uwargida da ta yi shekaru tana cewa ita ba za ta iya mota ba saboda Golf ta sha mace mata a tsakiyar titi, a sati biyu ta koya a wani fili bayan unguwarmu, yanzu in ina wurin aiki yaro ya tashi da zazzaɓi ba sai an jira ni ba. Wannan kaɗai a wurina ya biya wani kaso na kuɗin motar. Kuma duk da tsawonta ya haura mita biyar tana juyawa a ƙaramin wuri fiye da yadda za ka zata, fakin ne dai sai ka natsu, musamman ribas, don tawa ba ta zo da kyamarar baya ba sai daga baya na sa aka ɗaura min saboda yaran unguwa.

Cikinta shi ne dalilin sayenta. Dada na fama da ciwon gwiwa, a Golf sai an riƙe ta ta duƙa ta faɗa kujera, fitowa kuma sai mutum biyu. A nan ƙofar gefe zugewa take yi gaba ɗaya, ƙasan motar ba shi da tsayi kujerar kuma daidai ƙugu, sai ta dafa maƙalin da ke jikin ƙofa ta sa ƙafa ɗaya ta juya ta zauna abinta. Ranar farko da ta shiga ta shafa kujerar ta kalli yaran duk sun zauna kowa da wurinsa babu wanda ke kan cinyar wani, ta ce Allah ya yi albarka ya tsare hanya, ta yi ta maimaitawa har muka fita daga gari. Akwai wani ɗan madubi a sama kusa da fitilar ciki da kake sauke shi ka ga duk wanda ke baya ba sai ka waiwaya ba, da shi nake raba faɗa. Gilasan ƙofofin gefe suna sauka, esi na baya daban yake da makunninsa kuma iskar na fitowa ta rufi har layi na uku, wanda a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu ba ƙaramin abu ba ne. Kujerun ƙarshe suna naɗewa su shige wani rami a but wurin ya zama shimfiɗe, in kuma suna tsaye ramin nan shi ne wurin kaya, yana cin akwatuna da kuloli sosai. Na tsakiya ana ciro su gaba ɗaya amma nauyi gare su, ka nemi mai taya ka. Na ɗauko firiza da ita, na ɗauko katifa, da kaka ina ɗauko buhunan masara da wake daga Dukku, sai dai a nan akwai magana, zan zo kanta.

Injin silinda shida ne, lita 3.5, wanda suka fara sakawa daga ƙirar 2007. Na 2004 zuwa 2006 lita 3.3 ne kuma bel ne ke riƙe taimin ɗinsa, dole ka dinga lissafin canza shi, namu kuwa sarƙa ce, shi ya sa na dage sai daga 2007 zuwa sama duk da bodin iri ɗaya ne har 2010. Ƙarfi kam akwai. A hanyar Bauchi in ka biyo tirela ko tankar mai ka ga gaba babu kowa, kana danna totur za ka ji ta sauko da giya da kanta ta yi gurnani ta wuce, ko da mutum takwas da kaya. Abin kula shi ne allon gudun, manyan lambobin mil ne kilomita su ne ƙanana a ciki, in ka ga allura a kan 80 to kana wajen 130 ne, kuma motar ba ta jijjiga ba ta ƙara balle ka ankara. Na ɗau lokaci kafin idona ya koma karanta ƙananan.

Wani abu da nake so direbobinmu su daina shi ne sakin mota firi a gangara wai ana tattalin mai. Na ga masu yi da otomatik, su mayar da sandar giya N, wato firi, su sake ta tun daga sama. Ba ya rage komai, motocin nan in ka ɗaga ƙafa daga totur tana cikin giya kwamfutar yanke man take yi, a N kuwa dole injin ya ci gaba da sha don kar ya mutu, sannan ka ɗora wa birki nauyin mota kusan tan biyu shi kaɗai. Lambobin nan da ke ƙasan D ta tafiya gaba a wajen sandar giya, wato 4 da 3 da 2 da L, ba ado ba ne. In ina saukowa daga Jos ko wajen duwatsun Kaltungo da lodi sai in dawo da ita 4 ko 3 injin ya riƙe ta, birki ya huta.

To mai. Nan ne duk wanda ya tambaye ni nake cewa ya zauna tukuna. Tankinta ya haura lita 75. Lokacin da na saya lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba, da dubu goma sha biyar in cika ta har in karɓi canji. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin kwanaki lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu, tankin da nake cikawa da sha biyar ya koma sama da dubu saba'in da biyar. Wallahi akwai watan da na rufe ta da tampol na koma hawa keke napep zuwa aiki, har na kira dillali ya zo ya gani. Abin da na lura da shi a tawa, a doguwar hanya in na tsaya a 100 zuwa 110 da esi a kunne lita ɗaya na kai ni kilomita tara zuwa goma, Gombe zuwa Bauchi wajen lita sha shida ko sha bakwai ke nan, in ka raba wa mutum takwas ya fi kuɗin motar haya sauƙi nesa ba kusa ba. Amma cikin gari, kai yara makaranta, tsaya a nan tsaya a can, injin bai gama ɗumi ba ka kashe, da ƙyar take ba ni shida, wani lokacin biyar. Wato motar tana da fuska biyu, a hanya da iyali cike riba ce, a gari kai kaɗai a ciki asara ce tsagwaronta. Abin da ya hana ni sayarwa shi ne na sayi ƙaramin mashin na zuwa aiki da cefane, ita kuma ta koma ta makaranta in ana ruwa ko hazo, ta asibiti, ta biki, ta tafiya. Tun da na yi haka muka shirya. An yi ta ba ni shawarar in mayar da ita gas, ban yi ba tukuna, tukunyar ramin but za ta cinye kuma ramin nan shi ne rabin amfanin motar a wurina. Man bumburutu kuwa na jarka ba na saka mata sai in ba yadda zan yi.

Yanzu ga labarin giya, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Shekara ɗaya da 'yan watanni da sayenta dattijon makanikina ya tafi Umara, ni kuma tafiya Kano ta taso min, sai na kai ta wani gareji a yi min juyen baƙin mai. Yaron ya ce Oga man giyarka ya yi duhu bari mu canza gaba ɗaya, na ce to, na tafi sallar la'asar na bar su. Na dawo an gama an wanke ta tana ƙyalli. Mun wuce Darazo ke nan na fara jin in za ta canza daga ta biyu zuwa ta uku sai ta ɗan yi jinkiri injin ya yi sama sannan ta kama da ɗan bugu. A Kano cikin cunkoso abin ya ƙaru, in na sa D sai na jira kafin ta shiga. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan maganar mutane ta tabbata. Haka na lallaɓo ta gida a hankali ban wuce 80 ba.

Da dattijon ya dawo na kai masa, bai ce komai ba ya zaro sandar ya ɗiga a takarda, ya ce wane mai aka zuba. Na ce ja ne dai. Ya ce Alhaji ja ai kala ce ba suna ba, je ka karɓo min galan ɗin. Na koma garejin na tarar da shi a bayan shago, wani man giya ne na tsofaffin motoci wanda ake zuba wa har a sitiyari. Ya buɗe littafin motar da ke cikin aljihun dashbod, littafin da ban taɓa buɗewa ba, ya nuna min da yatsa inda aka rubuta WS, wato sunan irin man giyar da take sha. Ya ce na 2004 zuwa 2006 T-IV suke sha, naka WS, kowanne da kaurinsa da yadda yake kama faranten ciki, otomatik da mai take aiki gaba ɗaya, man shi ne kulocin shi ne mai sanyaya ta, in ka ba ta wanda ba nata ba faranten zamewa za su yi ta yi har su ƙone. Ya ƙi yarda a sa mata injin wanko mai turawa da ƙarfi, ya ce a tsohuwar giya datti yake tayarwa ya toshe hanyoyi. Sai ya kwance ƙasa ya tsiyaye abin da zai fita, wajen lita uku da rabi ne kawai ke fita a lokaci ɗaya sauran na maƙale a ciki, ya zuba na gaskiya ya ce in je in yi sati ina ja in dawo. Sau uku muka yi haka, a na biyun ya sauke farantin ƙasa ya wanke maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe ya canza matata. Na tsaya a kansa ina kallo, maganaɗisun sun yi baƙin gashi-gashi kamar an barbaɗa toka, ya murza a yatsa ya ce wannan laushi ne babu ɓarɓashi, ka tsira. Kuma na tsira ɗin, yau kusan shekara biyu canjinta sumul. Kuɗin man sau uku ya yi min zafi amma bai kama ƙafar kuɗin giyabos ba.

Tun daga nan da kaina nake sayo mai, a rufe, in tsaya a buɗe a gabana, don jabu ya yi yawa a kasuwa kuma galan ɗin iri ɗaya ne. Baƙin mai 5W-30 aka rubuta a murfin, wajen lita shida take ci, kar ka yarda a ce maka wai zafin Arewa sai mai kauri a zuba maka na tirela. Haka lagireto, ruwan sanyi mai kala nake sawa ba ruwan rijiya ba, kuma na hana a cire tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye kamar yadda ake yi wa kusan kowace mota da ta shigo garin nan. Man giyar ta cikin lagireton yake bi ya huce, in lagireto ya ci tsatsa ya huje ta ciki ruwa ya haɗu da man giya to an gama. Sauran ladabin ƙanana ne, tsaya cak kafin ka tashi daga R ta ribas zuwa D, in za ka ajiye ta a gangara taka birkin ƙafa tukuna sannan ka sa P ta fakin don kar nauyin motar ya rataya a kan ɗan ƙarfen da ke kulle giya.

Maganar ba ta turuwa gaskiya ce. Ta taɓa kama ni a Kumo wajen ta'aziyya, yara sun bar fitilar ciki a kunne tun safe, la'asar na murɗa makulli sai ƙas ƙas. Matasa suka taso da kirkinsu, Baba shiga mu tura, na ce Allah ya saka amma wannan ko zuwa Billiri kuka tura ta ba za ta tashi ba. Sai da aka samo mai mota ya ara mana batir. Washegari na sayi wayar jona batir, tana but har yau, kuma batir in ya fara nauyin tashi da safe ba na jira. In kuma ta lalace a hanya kar a ɗaure ta da igiya a ja tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa, injin a kashe famfon man giya ba ya aiki, a nemo mai ɗaukar ta a baya ko a ɗaga gaban.

Inda ba na jin daɗinta shi ne ƙasa. Motar titin kwalta ce. Unguwanninmu na Gombe kowa ya san yadda ruwa ke cin hanya da damina, yau lafiya gobe kwari ya buɗe, ga yashi, ga tudun rage gudu da kowane layi ke ginawa yadda ya ga dama. In mu takwas ne da kaya sai na bi tudun a karkace a hankali, duk da haka wani lokacin ka ji ƙurrr a ƙasa har cikin ranka. Bambar gaba na ɗaure ta ya fi sau uku. A yashi kuma tayoyin gaba ne kaɗai ke ja, ta taɓa nutsewa da ni a hanyar wani ƙauye bayan Dukku sai da aka sa itace da mutane. Akwai mai jan ƙafa huɗu amma ita ba ta zuwa da safaya kwata-kwata kuma ta fi shan mai, ni ban ba da shawararta ba. Safayar tawa ma a ƙarƙashin mota take ta gefen dama wajen ƙofar zugewa, ƙarama ce, ta cikin mota ake kwance ta da wani noti a ƙarƙashin kafet, ka koyi yadda ake sauke ta a gida da rana tun kafin dare ya kama ka a daji. Batun buhuna da na ce zan dawo kai, shekarar farko na loda mata takwas, bayan ya zauna har taya na gogar bodi, ban jima ba na canza shokozoba na baya duka biyu. Yanzu huɗu ne iyaka, saura a sa a motar kaya.

Ƙofar gefe mai lantarki ita ma ta gaji, mota ce mai shekara sha bakwai ga ƙurar hunturu ga yara na wasa da maɓalli, wayar da ke jan ta ta tsinke. Akwai maɓallin kashe lantarkin kusa da sitiyari, na kashe muka koma ja da hannu, ina share layin ina sa ɗan giris, lafiya lau. Fulogi kuma guda ukun baya suna ƙarƙashin bututun iska sai an kwance sama kafin a kai gare su, don haka in za ka canza sayi masu kyau sau ɗaya ka manta. Kayan gyara dai ba matsala, tunda kamfanonin sufuri sun rungumi Sienna kusan komai akwai a Gombe, abin da babu a kira Ƙofar Ruwa a Kano a sako maka a mota gobe ya iso.

Wannan farin jinin nata wajen 'yan haya yana da nasa ciwon kai. In na fito ni kaɗai a hanyar Bauchi mutane sai ɗaga min hannu suke, kuma an taɓa tare ni kusa da wata tasha wai na yi lodi a waje, sai da Dada ta leƙo ta ce ɗana ne waɗannan jikokina ne sannan suka ba da haƙuri. A dangi da unguwa kuwa ka zama motar kowa, ɗaukar amarya, kai lefe, rakiyar alhazai, mai naƙuda da tsakar dare. Na dare da na asibiti ba na taɓa cewa a'a, na sauke kujerun baya na shimfiɗa katifa na kai maƙwabci asibiti kwance ya fi sau ɗaya, kuma ina ganin hakkin motar ne. Amma aron makulli na daina bayarwa, in biki ne a zuba mai ni in ja da kaina ko uwargida ta ja, don wanda ya saba da manuwal a yini ɗaya zai iya yi mata illar da sai bayan wata za ta fito.

Mai yara biyu ko uku da yawancin zirga-zirgarsa cikin gari ce, ni ban ga dalilin da zai sa ya ɗora wa kansa silinda shida ba, Corolla ta ishe shi. Wanda kullum yana hanyar ƙauye ko gona ya nemi mai tsayi. Amma mai gida irin nawa, mutum bakwai takwas, ga tsohuwa, ga tafiya gida duk Sallah da duk rasuwa da duk suna, kuma yana da abin hawa na biyu ko da mashin ne, ya saya, da sharaɗin ya samu makaniki ɗaya da ya san otomatik ya riƙe shi, ya kuma buɗe littafin nan na cikin dashbod. Hamma na da ya ce in sayi Sharan, bara da za a kai 'yarsa makaranta Maiduguri tawa ya roƙa, ni na ja su, muna wuce Bajoga ya gyara kujera ya yi barci bai farka ba sai Potiskum. Satin nan ma zan kai ta wajen dattijon a duba birki da robobin ƙafar gaba, akwai ɗan ƙwas ƙwas da nake ji ta hagu in na hau tudu, kuma akwai ɗaurin aure a Dukku ranar Asabar, Dada ta riga ta ce da ita za a je.